Gwazar Litia

Shekara biyu da wata huɗu Larai ta yi a Doha kafin wani ya yi mata tayin abinci, kuma ranar da aka yi matan, da bakinta ta ce ta ƙoshi.

Nas ce a wata makarantar kuɗi da ke Aziziya, irin makarantun nan da ake tara 'ya'yan ma'aikata daga ƙasashe barkatai ana koya musu karatu da Turanci. Ɗakin shan maganinta yana can ƙarshen baranda, bayan ɗakin ajiye ƙwallaye, inda ba mai biyowa sai wanda ya gurje gwiwa ko yarinyar da mara ta murɗa wa. Gado ɗaya ne a ciki, da kabad ɗin magani, da sikeli, da na'urar sanyaya ɗaki wadda ba ta jin lallashi, har sai mutum ya saka suwaita alhali waje ana zuba rana. Malamai suna da ɗakinsu a bene inda suke cin abinci. Ba wanda ya hana ta hawa, ba kuma wanda ya ce ta hau. Sau ɗaya ta gwada, ta zauna a gefe, aka yi mata murmushi, sannan kowa ya buɗe kularsa ya hau ci, ba ko bismilla. Larai kuwa 'yar Funtuwa ce, gidan da ta tashi ko mai gyaran famfo ya shigo a kan abinci sai an zuba masa nasa. Ta sauko, ba ta sake hawa ba.

A unguwar Najma take kwana, ɗaki ɗaya da wasu mata biyu 'yan Filifin masu aikin dare a asibiti. In ta dawo sun fita, in za ta fita suna barci, har ta fi sanin takalmansu fiye da fuskokinsu. 'Yarta guda ɗaya, Firdaus, mai shekara goma sha huɗu, tana Funtuwa wajen kakarta. Ranar Juma'a suke waya mai hoto, sauran kwanakin kuwa Larai takan yi wuni guda ba ta furta kalmar Hausa ba in ba a addu'a ba.

A farkon zangon karatun nan ne mataimakiyar shugabar makaranta, Madam Lubna, wata 'yar Jodan mai saurin tafiya da saurin magana, ta zo da shirin rage ƙiba a tsakanin ɗalibai. Aka kwashe lemon kwalba daga kantin makaranta. Aka sa motsa jiki na minti ashirin kowace safiya. Kowane wata Larai za ta ɗora yara a sikeli ta zagaya musu tef a ƙugu, kowace Lahadi kuma, ranar da makon karatu ke farawa a can, a duba kulolin abinci a manna musu sitika: kore ga abincin da ya dace, ruwan ɗorawa ga wanda za a yi hattara da shi, ja ga wanda ba a so. Larai ba ta ƙi shirin ba. Ta ga ɗan shekara sha uku da ciwon suga irin na dattawa, ta ga yaran da karin kumallonsu cakulan ne da lemo, ta san ba wasa ba ne. Abin da bai kwanta mata ba shi ne takardar da aka ba ta, wadda wani ya zauna a ofis ya jera abinci a kai, ya jefa duk wani mai sitaci da maiƙo a layin ja. Amma ta yi shiru, don baƙo da bizarsa a hannun wasu ba ya yawan gyara wa manya takarda.

Akwai 'yan Fiji, wata ƙasar tsibirai, su goma sha ɗaya a makarantar, 'ya'yan masu aikin tsaro da na jiragen sama. Yara ne masu manyan ƙasusuwa da faɗin kafaɗa, kuma awon farko ya zuba kusan dukkansu a sahun masu ƙiba. Madam Lubna ta ja layi a ƙarƙashin sunayensu, ta ce a nan za a nuna shirin yana aiki.

Litia tana cikinsu. Sa'ar Firdaus ce, sai dai ta ɗara Larai tsawo, ga gashi cunkus, ga dariya mai cika ɗaki. Targaɗe ne ya fara kawo ta, a wajen ƙwallon hannu. Ƙafa ta warke, amma yarinya ba ta daina zuwa ba. Tsakiyar shekara ta shigo makarantar, 'yan ajinsu sun riga sun ƙulla ƙawancensu, sauran 'yan ƙasarsu kuma ko maza ne manya ko ƙananan yara. Da an kaɗa ƙararrawar ƙarfe goma sai ta turo ƙofa, ta ce Sista sannu da aiki, ta haye gadon marasa lafiya ta buɗe kularta. Larai tana teburinta da burodi da shayi, tana yi kamar rubutu take. Litia ta ba ta labarin ƙauyensu na bakin teku, da kakarta da take kira Bubu, wadda ke da gona a bayan gida, da yadda a can in za ka wuce ƙofar mutane suna cin abinci sai sun ƙwala maka kira ko da ba su san ka ba. Larai ta ce ashe akwai masu hankali a wani wurin ban da Funtuwa. Tun tana ɗaukar abin a matsayin surutun yara har ta kama kanta tana duba agogo tun goma saura kwata. Gaskiya ita ce, rabin sa'ar nan ita kaɗai ce lokacin da take jin ita mutum ce a garin, ba hannun da ke miƙa magani ba.

Wata Lahadi Litia ta shigo da kula babba, ba wadda ta saba zuwa da ita ba, tana murmushi tun daga ƙofa. Gwaggonta ce ta zo daga gida, ta taho da gwaza daga gonar Bubu, an dafa an daskarar an naɗe ta bi jirgi har nan. Uwarta ta tashi tun asuba ta ɗumama ta, ta haɗa da kifi da madarar kwakwa. Da ta ɗaga murfin, ƙamshi ya bugi Larai har yawunta ya tsinke. Gwaza. Rabonta da ita tun wani zuwa kasuwa da ta yi da Firdaus, suka saya a hannun wata tsohuwa aka barbaɗa musu yaji. A gefen kular kuwa ga cokula biyu a naɗe cikin tsumma.

"Sista, zo mu ci," in ji Litia. "Mamana ta zuba har da ke."

"A'a, na ƙoshi. Ci abinki."

To, duk wanda ya tashi inda Larai ta tashi ya san wannan ba amsa ba ce, buɗe magana ce. Babba ba ya miƙa hannu a tayin farko, balle a abincin yaro. Za a ce haba, ko loma ɗaya, ka ce wallahi yanzu na tashi daga kan abinci. A na uku ne za ka ce to, don dai kada a ce na ƙi. Larai har ta ɗan ja kujerarta baya, ta goge hannu a jikin siket a ƙarƙashin tebur, tana jiran haba ɗin. Haba ba ta zo ba. Litia ta dube ta, murmushin ya ragu, ta ce to, ta mayar da cokali ɗaya cikin tsumma. Larai ta zauna da yunwarta da kawaicinta, tana jin haushin yarinyar da ba ta iya tayi ba.

Ba a yi minti biyar ba Madam Lubna ta faɗo ɗakin da naɗin sitika a hannu. Ta ce yalla, maza, Sista, yau ranar duba ce, ga ma ɗaya a gabanki mu fara da ita. Ta leƙa kular, ta tambayi mene ne wannan, ta bi takarda da yatsa: sitaci, ga kuma kwakwa. Ta ɓare jar sitika ta miƙo. Larai ta san gwaza ba ta taɓa kashe kowa ba, ta san kifin nan ya fi duk abin da ake sayarwa a kantin makaranta, amma Madam tana tsaye a kanta tana duba agogo. Ta karɓa, ta manna a kan murfin da hannunta. Litia ta rufe kular ba ta kai rabi ba, ta yi godiya, ta fita.

Washegari ba ta zo ba. Larai ta ce wa kanta jarrabawa ce ta matso. Mako ya wuce, wani ya bi shi. In sun haɗu a baranda Litia takan gaishe ta da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa wanda ba a sani ba. Ƙarfe goma ta koma kamar sauran sa'o'i, sai ƙarar na'ura da burodi da shayi. Sau biyu Larai ta tashi da niyyar zuwa ajinsu, sau biyu ta koma ta zauna, wai ita babba ce, ba za ta bi yarinya tana roƙon a zo a taya ta hira ba.

A awon wata, Litia ta sauke kilo uku. A na gaba ta sauke huɗu. Madam Lubna ta kusa taka rawa. Ta sa aka manna sunan yarinyar a allon sanarwa da tauraro mai ruwan zinariya, aka tafa mata a taron safe, aka ce sauran 'yan Fiji su yi koyi. Larai ce ta riƙe tsintsiyar hannunta ranar awon, ta ji shi sanyi ƙalau, ta ga leɓɓanta sun bushe, ta ga rigar makaranta tana yawo a kafaɗar da a da take cika ta. Ta tambaye ta ko tana cin abinci. Litia ta ce lafiya lau, Sista, idonta yana kan bango. Mai koyar da wasanni ma ya faɗa a wucewa cewa yanzu ba ta iya gama rabin wasa sai ta nemi benci.

Ranar wata Laraba Larai ta iso da wuri, ta buɗe labulen tagarta da ke kallon inda motocin makaranta ke tsayawa. Can bayan tankin ruwa ta hango Litia a tsugune, kuliyoyi uku na zagaye da ita. Ta juye musu kularta tas, ta goge cikin da takarda, ta rufe ta mayar jaka. Da yamma uwarta za ta buɗe ta ga wayam, ta ji daɗi 'yarta ta ci. Larai ta hau bene ta gaya wa Madam Lubna, Madam ta ce yara mata duk haka suke, lambobi dai suna tafiya inda ake so, bayan jarrabawa za a haɗa ta da mai ba da shawara, khalas, shi ke nan.

Juma'ar nan da ta kira gida ta tarar Firdaus tana cin ɗanwake. Yarinya ta ɗaga kwanon ta kara a jikin waya, cikin tsokana ta ce Umma bismilla. Larai ta ce ta ƙoshi. Firdaus ta ce haba Umma, ko ɗaya. Larai ta buɗe baki za ta ba da amsa ta biyu, sai Litia ta faɗo mata a rai. Firdaus ta san wasan don a cikinsa aka haife ta. Litia fa, wa ya taɓa gaya mata? Abin da yarinyar ta gani shi ne ta kawo gwazar kakarta da ta ƙetaro teku, matar da ta ɗauka tata ce ta kawar da kai, sannan ta manna mata ja a kai. Larai ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da ta girma. Ta ce wa Firdaus layi ba kyau, ta kashe wayar, ta zauna a bakin gado tsakanin takalman mutanen da ba su nan.

Ranar Asabar ta bi shagunan Najma ɗaya bayan ɗaya har ta samu gwaza a wajen wani Ba'indiye, ƙanana masu gashi-gashi, ba su kai na gida ba. Da asubar Lahadi ta dafa, ta ɓare, ta yanka albasa, ta zuba man gyaɗa, ta buɗe kwalbar yajin da mahaifiyarta ta daka mata, wanda take ta tattali kamar turare. Ta rungume kular a jirgin ƙasa, ta sauya jirgi a tashar Mushairib cikin turmutsutsun masu zuwa ofis, tana kare ta da gwiwar hannu har Aziziya. Tana isa ta rubuta takardar kira ta aika ajin su Litia.

Ƙarfe goma yarinyar ta shigo. Ba ta ko dubi gadon ba. Ta cire takalma, ta nufi sikeli ta hau, ta tsaya tana jira a karanta. Wannan ya fi komai yi wa Larai ciwo.

"Sauko, ba awo na kira ki ba." Ta buɗe kular, ta ajiye cokula biyu. "Zo mu ci."

Litia ta dubi gwazar, ta dubi bango. "Na ƙoshi, Sista."

"Haba, ko loma ɗaya."

"Na ce na ƙoshi."

"To, saura ɗaya," in ji Larai. "A garinmu sau uku ake yi."

Sai ta gaya mata duka, ba ta rage wa kanta komai ba. Ta ce ranar nan da yunwa ta wuni, har ta goge hannu tana jira a sake tambayarta. Ta ce jar sitikar hannunta ne ya manna, kuma ta san ƙarya ce tun tana mannawa, tsoro ne ya hana ta magana. Shirin an yi shi ne don lemon kwalba da cin da ya wuce kima da zama wuri ɗaya, ba don a raba yaro da abincin gidansu ba. Kuma abin da Litia take yi a bayan tanki ba rage ƙiba ba ne, ciwo ne, ita nas ce ta san shi in ta gan shi.

Litia ta amsa da murya ƙasa-ƙasa.

"Na ɗauka ƙyama kika yi. Da na koma Mama ta tambaye ni ko ya yi miki daɗi. Na ce mata kin cinye, har kin ce a gode wa Bubu."

Larai ta kasa haɗa ido da ita. Ta tura kular gabanta a karo na uku, ta ce don Allah. Litia ta sauko daga sikelin, ta ɗauki ƙarama ɗaya da yatsu, ta gutsuri rabi. Yajin ya shaƙe ta, ta yi tari har da hawaye, ta ce wannan ai 'ya'yan gwaza ne, ta Bubu ɗaya ta kai kan jariri. Larai ta kusa dariya. Da ta tsaya a nan da an rabu lafiya, kuma ta san haka. Amma ta ce yau za ta kira mamanta ta gaya mata maganar kuliyoyi, kuma za ta rubuta a kai ta wajen likita.

"Kada ki gaya mata."

"Zan gaya mata."

Litia ta ajiye sauran rabin a kan murfi. Ta saka takalmanta ba ta ɗaure igiya ba, ta fita, wannan karon ko godiyar ba ta yi ba.

Larai ta kira. Uwar ta ɗauka da fara'a, tun kafin a gaisa ta ce ashe Sista ce mai son gwazarsu. Larai ta rufe ido ta faɗi abin da ya kawo ta, tun daga tayin har tankin ruwa. Matar ta ce ta ji, ta gode, ta ajiye waya. Daga nan Larai ta rubuta rahoto, ta kai wa Madam Lubna da hannunta, ta ce a cire tauraron nan daga allo, kuma ita ba za ta ƙara manna wa kular kowa ja ba sai an zauna an gyara takardar. Madam ta dube ta sama da ƙasa kamar yau ta fara ganinta, ta ce za a tattauna, kuma za a tuna da wannan lokacin sabunta kwantiragi. Larai ta sauko ɗakinta. Ta cinye sauran gwazar ita kaɗai, ta yi sanyi, man ya daskare a kai.

Litinin ba kowa. Talata ba kowa, sai wani yaro da ya haɗiye murfin biro. Aka ce Litia ba ta zo makaranta ba, an kai ta asibiti ganin likita. Larai ta ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyarta ta faɗa, amma hakan bai hana ɗakin yi mata faɗi ba. Ta riga ta saddaƙar ta yi abin da ya dace kuma ta rasa yarinyar.

Ranar Alhamis, goma ta wuce da minti bakwai, aka turo ƙofa ba sallama. Litia ce, fuska a ɗaure tamau. Ta haye gadon, ta juya wa Larai rabin baya, ta fito da babbar kular nan. An kankare sitikar, sai ɗan tabon gam a kan murfin. Rogo ne yau da kifi, gwazar Bubu ta ƙare. Ta warware tsumma, ta ɗauki cokali ɗaya, ta bar ɗayan a nan kan zanen gado. Ta ɗebi kaɗan ta kai baki, tana taunawa a hankali kamar mai shan magani. Ba ta ce zo mu ci ba.

Larai ta jira. Shekara arba'in da ɗaya a duniya, ba ta taɓa sa hannu a kwanon da ba a kira ta ba, kuma tana jin muryar mahaifiyarta a kunne tana cewa ke ba ki da kunya ne. Litia ta kai loma ta biyu, ta tsaya, cokalin yana rataye a hannunta kamar ta gama ke nan.

Larai ta jawo kujerarta har bakin gadon, ta ɗauki cokalin da ke kan zanen gadon, ta yi bismilla.